Ledar maganin Baffa: rabi daga Najeriya, rabi daga Nijar

Yau maganar iyayenmu za mu yi, waɗanda shekaru suka ja, ciwo kuma ya taru musu ba ɗaya ba: ga hawan jini, ga ciwon suga, ga gwiwa da baya sun hana sakat.

In kuna da irin wannan dattijo a gida, don Allah yau da dare ku roƙe shi ledar maganinsa, ku zazzage ta a kan tabarma. Mu nan bakin iyaka abin da za ku tarar sananne ne. Wannan kwali daga asibitin Maraɗi, wancan daga kemis a Jibiya, ga wasu ƙwayoyi tsirara da aka sayo ranar Alhamis a kasuwar Maigatari. Kowane da hannun da ya bayar, kuma babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya ba shi.

To, a nan matsalar take. Magani ɗaya yakan zo da suna biyu. Ƙwayar hawan jini da ake kira amlodipine, a farmasin Nijar za ku iya samunta da sunan Amlor, a Najeriya kuma Norvasc. Baffa ya ga kwali biyu, launi daban, sai ya ɗauka magani biyu ne, yana haɗiyar duka. Ya miƙe zai yi alwala, jiri ya kwashe shi. Tsoho kuwa in ya faɗi ya karya ƙugu, kwanciyar ba ta kwana biyu ba ce. Ku duba ƙaramin rubutun da ke ƙasan babban suna, shi ne sunan gaskiya. In karatun boko ya gagara, ku kai wa ma'aikacin lafiya ya duba.

Har awon ma bakinsa biyu ne. Abin da Najeriya ake rubutawa 140/90, a Nijar sai a ce muku 14/9. Duk ɗaya ne, kuma daga nan ne ake cewa jini ya hau. Suga ma haka: awon safe kafin a ci komai, 1,26 a takardar Nijar shi ne 126 ko 7 a ta Najeriya. Kada ku ga 14 ku ce ai ya sauka daga 140, a ajiye magani. Hawan jini da suga ba a gama shan maganinsu kamar na zazzaɓi. Lallaɓa su ake yi.

Amma abin da ya fi damuna shi ne maganin ciwon jiki. Mutumin da ya shekara 50 yana bin shanu dole gwiwa ta yi magana, ba mu musa ba. Sai dai diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake sha kullum kamar gyaɗa, suna ƙara hawan jini, suna cin ciki, suna kuma gajiyar da ƙoda. Ƙodar nan kuwa da ma suga da hawan jini sun riga sun sa ta gaba. Haɗin da mai talla ke ƙullawa a leda ya fi muni, don wani lokaci da dexamethasone a ciki, shi kuma tayar da suga yake yi. Gwiwa ta lafa, ƙoda ta biya kuɗin. Paracetamol ya fi sauƙi ga tsoho, shi ma da ƙa'ida.

Sai masu shan Daonil na suga. In an sha shi aka fita kiwo ko kasuwa ciki wayam, suga kan faɗi. Za ku ga zufa, rawar jiki, magana ta rikice. Ba iskokai ba ne. In yana iya haɗiya, ku ba shi ruwan sukari ko dabino nan take, sannan abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a yi asibiti.

Ni dai shawarata ƙarama ce. Ku sayi ɗan littafi, duk wanda ya duba Baffa, ko a Birnin Ƙonni ne ko a Illela, ya rubuta awon da maganin a ciki. Littafin da ledar su riƙa tafiya tare, har da jiƙon gargajiya a faɗa, ba abin kunya ba ne. Kuma kun tuna yadda aka rufe iyaka a 2019, aka sake a 2023. In maganinsa daga tsallake yake zuwa, kada ku jira sai ƙwaya ta ƙarshe. Masu shirin tafiya mashekari, ku tambayi likita ko zai rubuta na wata biyu ko uku kafin a ɗaura kaya.

Na kusa mantawa: mai suga ƙaya kan soke shi bai ji ba. A sa wani jika ya riƙa duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum bayan magariba.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.