MINSHARI DA MAGANAƊISU: SABUWAR DABARAR BUƊE HANYAR NUMFASHI

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙara wa juna ilmi na Ƙungiyar Ɗalibai)



Muna godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba mu damar tsayawa gabanku a wannan maraice. Da aka liƙa sanarwa cewa za mu yi magana a kan minshari, mun sami labari wasu sun yi dariya, wasu kuma sun ce lalle 'yan kwamiti sun rasa abin tattaunawa. Ba mu ga laifinsu ba. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin ɗalibai ya san yadda akan yi da mai minshari: a jefe shi da matashi, a laƙaba masa suna, in gari ya waye a yi ta kwaikwayonsa a ɗakin cin abinci. Mu ma mun yi. Amma muna fata kafin mu sauka daga nan za ku yarda da mu cewa wani minsharin ciwo ne mai iya kai mutum kushewa, kuma za ku ji wata dabara da wasu likitoci a Amurka suka ƙago saboda shi, watau dasa maganaɗisu a cikin wuyan mutum.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a maƙogwaro. Hanyar da iska ke bi daga hanci zuwa huhu ba duka ce ke da ƙashi ko guringuntsi ba. Akwai wani yanki a bayan harshe da ƙasan ganɗa wanda nama ne zalla, tsokoki ne kawai ke riƙe shi a buɗe. Muddin mutum yana farke, tsokokin nan suna tsaye kan aikinsu. Da zarar barci ya ɗauke shi sai su saki, hanyar ta ƙuntata, iska ta riƙa kaɗa naman ganɗa da belu yayin wucewa. Wannan kaɗawa ita ce ƙarar da muke kira minshari. A wurin wasu mutane kuwa abin ba ya tsayawa nan. Gindin harshe yakan koma baya, bangon maƙogwaro ya haɗe, hanya ta toshe ɗungum. Ƙirji yana ta ƙoƙarin jan iska, amma babu abin da ke shiga. Iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi na ɗan lokaci, ya ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe, ya koma barci, sa'an nan abin ya sake maimaituwa. Da safe ba zai tuna kome ba, sai dai ya tashi da ciwon kai da bushewar baki da gajiya kamar wanda ya kwana noma.

Likitoci suna da ma'auni a kan wannan. In numfashi ya ɗauke ko ya ragu ƙwarai har tsawon daƙiƙa 10 ko fiye, sai a lissafa shi sau ɗaya. Wanda ya yi haka sau 5 zuwa 15 a cikin awa guda, ciwonsa mai sauƙi ne. Daga 15 zuwa 30 matsakaici. Wanda ya haura 30 kuwa nasa ya tsananta. Ku duba ku gani: mutumin da ya kwanta awa bakwai yana shaƙewa sau 30 kowace awa, an tashe shi fiye da sau 200 ke nan kafin asuba. Irin wannan wahala tana da alaƙa da hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon suga. Ga kuma gyangyaɗin rana, wanda a aji ko ofis abin kunya ne kawai, amma a kan sitiyarin mota rayukan jama'a ne. Abubuwan da ke jawo ciwon sun haɗa da ƙiba da kaurin wuya, da ƙanƙantar muƙamuƙin ƙasa, da yawan shekaru, da shan giya ko ƙwayoyin barci, kuma ya fi kama maza. Wani ƙiyasi da masana suka buga a shekarar 2019 ya nuna cewa mutane kimanin miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da wannan lalura a duniya, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu ita. Ashe ke nan ba ciwon Turawa ba ne, yana nan cikin gidajenmu.

Abin mamaki shi ne, ko da yake ɗan Adam ya daɗe yana minshari, sai a shekarar 1965 ne masu bincike a Faransa da Jamus suka auna masu barci suka tabbatar da wannan ɗaukewar numfashi. A farkon al'amari babban maganin da ake da shi ga wanda ciwonsa ya tsananta shi ne a huda maƙogwaro daga gaban wuya a sa bututu, iska ta riƙa bi ta nan. Yana aiki, amma wa zai so ya rayu da rami a wuya? A shekarar 1981 wani likita a birnin Sidni na ƙasar Ostireliya, mai suna Colin Sullivan, ya bayyana wata na'ura da ke hura iska ta tiyo zuwa wani takunkumi da ake ɗaurawa a hanci, ƙarfin iskar ya riƙe maƙogwaro a buɗe har safe. Wannan na'ura ita ake kira CPAP, kuma har yau ita ce kan gaba wajen maganin wannan ciwo. Sai dai tana da nata cikas. Mutane da yawa ba sa jure kwana da takunkumi a fuska. Wani ya ce yana jin kamar an shaƙe shi, wani hancinsa ya bushe, wani matarsa ta gaji da ƙarar injin. Da yawa daga cikin waɗanda aka ba na'urar sukan cire ta tsakar dare, ko su tura ta ƙarƙashin gado. Magani kuwa kome kyansa, in ba a sha shi ba, ba ya warkarwa. Wannan ne ya sa aka ci gaba da neman wasu hanyoyi: tiyatar rage naman ganɗa, da wata roba da ake sawa a baki ta turo muƙamuƙi gaba, da wata 'yar na'ura mai batir da ake dasawa a ƙirji ta riƙa motsa jijiyar harshe, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2014.

To, yanzu mun iso ga maganaɗisu. A wuyan kowannenmu, tsakanin haɓa da maƙogwaro, akwai wani ɗan ƙashi mai lanƙwasa kamar kofaton doki. Ya bambanta da sauran ƙasusuwa, domin bai haɗu da wani ƙashi ba ko ɗaya. Tsokoki da jijiyoyi ne suka rataye shi, kuma gindin harshe a kansa ya dogara. Likitoci sun daɗe da sanin cewa in aka jawo wannan ƙashi gaba, naman da ke maƙale da shi zai biyo shi, hanyar iska ta ƙara faɗi. Akwai ma tiyatar da ake yi a ɗaure shi gaba dindindin. Tambayar da wasu suka yi ita ce: me zai hana a jawo shi da dare kawai, lokacin da ake bukata, da rana a ƙyale shi ya yi aikinsa na haɗiya da magana?

Wanda ya jagoranci wannan tunani shi ne Farfesa Michael Harrison na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, likitan tiyatar yara, wanda ya yi suna tun 1981 da ya yi wa ɗan tayi tiyata yana cikin mahaifiyarsa. Tun kafin batun barci, shi da abokan aikinsa sun gwada dasa maganaɗisu a ƙashin ƙirjin yaran da aka haifa da ƙirji mai loɓawa ciki, suna jawo ƙashin waje sannu a hankali da wani maganaɗisun da yaron ke ɗaurawa daga waje. Wannan dabara ce suka ɗauko suka kai wuya, suka sa wa na'urar suna Magnap. Ga yadda take. Likita zai tsaga fatar wuya kaɗan, ya ɗaura wani ɗan maganaɗisu mai kama da tsabar kuɗi a jikin ƙashin nan na gindin harshe, ya ɗinke. Bayan rauni ya warke, sai a auna wuyan mutum a yi masa wani abin ɗaurawa daidai da shi, wanda ke ɗauke da maganaɗisu na biyu a gaban wuya. In zai kwanta ya ɗaura. Na waje ya jawo na ciki, na ciki ya jawo ƙashi, ƙashi ya jawo gindin harshe, hanya ta buɗe. In gari ya waye ya kwance ya ajiye.

Ba kowane maganaɗisu ne zai iya wannan aiki ba. Irin wanda muka yi wasa da shi a makarantar firamare muna ɗaukar allura da ƙusa ba shi da ƙarfin da zai ja ƙashi ta cikin fata da nama. Wanda ake amfani da shi an haɗa shi ne daga ƙarfe da wasu ma'adinai biyu, niyodimiyam da boron, haɗin da masana a Japan da Amurka suka gano a farkon shekarun 1980. Da yake yana saurin tsatsa, sai a rufe shi ruf cikin kwanson titaniyam, ƙarfen da jikin mutum ba ya ƙyamarsa. A shekarar 2012 masu binciken suka buga sakamakon gwajin da suka yi a kan gawarwaki, inda suka nuna cewa jawo ƙashin da maganaɗisu yana ƙara buɗe hanyar iska. Daga baya aka ba su izinin gwadawa a kan mutane ƙalilan masu rai, waɗanda suka kasa jure CPAP.

A nan ne ya kamata mu yi hattara, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne. Gawa ba ta juyi, ba ta haɗiyar yawu, ba ta jin zafi. Gwajin farko a kan mutane ƙalilan kuwa babban abin da yake nema shi ne ko na'ura tana cutarwa, da ko mutane za su iya jure ta. Tabbatar da cewa tana warkarwa sai an gwada ta a kan jama'a masu yawa, an bi su shekara da shekaru. Bugu da ƙari akwai matsalolin da hankali kansa zai nuna mana. Na farko, ƙarfin maganaɗisu yana raguwa da sauri in tazara ta ƙaru, alhali yawancin masu wannan ciwo masu kaurin wuya ne, watau wanda ya fi bukata shi ne ya fi wuyar ja. Na biyu, toshewar wani a bayan ganɗa take, ba a gindin harshe ba, jawo ƙashi ba lalle ya wadatar da shi ba. Na uku, mai maganaɗisu a wuya yana da matsala da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI, wadda ita kanta ƙaton maganaɗisu ce, haka kuma maganaɗisu mai ƙarfi yana iya rikita na'urar daidaita bugun zuciya da ake dasa wa wasu. Na huɗu, wanda ya ƙi takunkumin fuska, wa ya tabbatar zai yarda da ɗaurin wuya kowane dare? Saboda haka wannan dabara ba ta cikin magungunan da likita ya saba rubuta wa mai wannan ciwo.

Duk da haka akwai dalilin da ya sa muka ga ya dace mu, musamman, mu sa ido a kanta. CPAP tana bukatar wutar lantarki daga kwanciya har tashi, kuma ba sai mun gaya muku halin da wuta take ciki a garuruwanmu ba, balle ƙauyuka. Ma'aikacin da albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, ina zai sami kuɗin man janareto na kowane dare? Maganaɗisu kuwa ba ya cin wuta, ba ya neman batir. Ko da wannan na'ura ba ta kai gaci ba, ta nuna mana irin tambayar da ya kamata ɗalibanmu na likitanci da na injiniya su riƙa yi: wane magani ne zai yi aiki a ɗakin da babu wuta?

Kafin mu rufe, muna da jan kunne guda biyu. Kada wani ya fita daga nan ya ce an ce maganaɗisu yana maganin minshari, ya je ya sayi zobe ko abin hannu ko ɗan maƙalin hanci da 'yan talla ke yawo da su. Abin da muka bayyana ja ne na zahiri, kamar yadda igiya ke jan guga, ba wani sirri ba ne da ke shiga jini. Haka kuma kada a kai babba ko yaro wurin wanzami a cire masa belu da sunan maganin wannan ciwo. Belu ɗan yanki ne kawai na naman da ke rufe hanya, ga kuma haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Abin da ke hannunmu yau ba ya bukatar tiyata. Mai wannan ciwo ba ya jin kansa, na kusa da shi ne ke ji. In abokin ɗakinka, ko mahaifinka, ko maigidanki yana minshari mai ƙarfi, sa'an nan ya yi tsit kamar numfashi ya ɗauke, ya kuma farka da shaƙewa, ga gyangyaɗi da rana, to, a gaya masa cikin ladabi, a raka shi ya ga likita a auna jininsa a duba maƙogwaronsa. Rage ƙiba yana taimakawa ƙwarai, haka kwanciya a gefe maimakon rigingine, da nisantar giya da ƙwayoyin barci. Wanda kuma ya san barci yana fizgarsa da rana, don Allah ya haƙura da tuƙi har ya nemi magani. Gobe mu ne za mu zama malamai da likitoci da manyan ma'aikata, wasunmu ma su ne za su zauna su tsara abin da asibitocin ƙasar nan za su saya. Muna roƙon duk wanda Allah ya kai wannan matsayi ya tuna cewa asibiti yana bukatar ɗakin auna barci kamar yadda yake bukatar ɗakin auna jini.

Malam Shugaba, a nan za mu dakata don mu ba da damar tambayoyi. Kurakuran da muka yi muna roƙon malamanmu su gyara mana. Allah ya ba mu lafiya da barci mai daɗi, amin.