JIRGIN SAMA MAI SANSANO YURANIYAM: ABIN DA YAKE GANI DA ABIN DA YA ƁOYE MASA



Duk ɗan Arewa da ke zaune a Ikko ko Badun ko Shagamu ko Fatakwal ya san yadda labarin gida yakan iso masa, rabi gaskiya, rabi ƙari. Cikin irin labaran nan har da na wani ƙaramin jirgin sama da aka gani yana shawagi ƙasa-ƙasa, ya tafi ya komo, ya sake tafiya ya komo, sai ka ce mai huɗar gona. Bayan wucewarsa da watanni ko shekaru sai wani mutum ya ɓullo da taswira mai launi-launi, ya ɗora yatsa a kan wani jan tabo, ya ce nan ce gonar gado ta su wane, kuma yuraniyam ne kwance a ƙarƙashinta. Daga nan sai a aiko wa na Kudu, tun da shi ake zaton yana da 'yan kuɗi a hannu, a ce ya kawo nasa a nemi lasisi, ko kuwa ya yarda a sayar da gonar tun tana da daraja. Kafin mutum ya ce i ko a'a, ya kamata ya san irin aikin da jirgin nan ke yi, da kuma iyakar ganinsa.

Yuraniyam da toriyam ƙarafa ne masu nauyi waɗanda ba sa zama yadda suke. A hankali suke rikiɗa su zama waɗansu abubuwa, har daga ƙarshe su koma dalma. Rikiɗar nan kuwa ba ta gaggawa ba ce, gama sai an yi shekara wajen miliyan 4,500 kafin rabin yuraniyam ya juye, toriyam kuma wajen shekara miliyan 14,000. A cikin juyawar ne ake samun wani haske wanda ido ba ya gani, masana suna kiransa gama. Ɗan'uwan hasken nan ne da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti, sai dai ya fi shi ƙarfin ratsa abu. Shi ne jirgin ke farauta.

A cikin jirgin akwai waɗansu dunƙule-dunƙule na wani gishiri na musamman, garau kamar gilashi, a rufe cikin akwati. Duk sa'ad da hasken gama ya faɗa cikin dunƙulen sai ya yi ɗan walƙiya, na'ura ta ƙidaya ta, ta kuma auna ƙarfinta. To, a nan gwanintar take, domin kowane iri da nasa ƙarfin. Na fotasiyam, watau sinadarin nan da ke cikin takin zamani da toka, shi ne mafi rauni cikin ukun da ake aunawa. Na zuriyar yuraniyam ya ɗara shi kaɗan, na zuriyar toriyam kuwa ya fi su duka. Da haka ake rarrabe su kamar yadda mai kiwo yakan rarrabe kukan shanunsa ko da dare. Na'urar tana rubuta abin da ta ji kowace daƙiƙa, jirgin kuma yakan ci wajen mita 70 a daƙiƙar nan. In an gama sai a tara lissafin, a zana taswira, a ba kowane iri launinsa.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a Nijeriya. Tsakanin 1974 da 1980 an yi wa ƙasar bincike ta sama, galibi na ƙarfin maganaɗisun duwatsu, layi da layi kilomita 2 tsakani. An sake yin wanda ya fi shi kyau daga 2003 zuwa 2010, lokacin da kamfanin Fugro ya yi wa Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya aikin, Bankin Duniya kuma ya taimaka da kuɗin wani sashe nasa. A Jihar Ogun aka fara gwajin, saboda haka mai yiwuwa mutanen Sabon Shagamu sun riga 'yan'uwansu na gida ganin jirgin. A wannan karon tazarar layuka mita 500 ce, jirgin kuma yana tafiya mita 80 kacal daga ƙasa, har aka ci kusan kilomita miliyan 2. Taswirorin suna hannun hukumar, kuma tana sayar da su ga mai bukata. Ashe ke nan wanda ya nuna wa mutum irin taswirar nan ba wani asiri ya tono ba, takarda ce da kowa zai iya saya.

Sai a zo ga babbar magana. Hasken gama, duk da ƙarfinsa, ƙasa da dutse suna shanye shi. Kusan duk abin da jirgin ke ji yana fitowa ne daga saman ƙasa, zurfin da bai kai kamu guda ba, watau santimita 30 zuwa 45. Abin da ke ƙasa da haka, ko da tulin yuraniyam ne, jirgin zai wuce ta kansa bai san yana nan ba. Ruwa ma yana shanye hasken, don haka fadama da tabki sukan fito a taswira kamar babu kome a cikinsu, kuma ba a son tashi bayan an tafka ruwan sama. Rairayin da iska ta kwaso ta shimfiɗa, irin na arewacin Barno da Katsina da Sakkwato, shi ma mayafi ne a kan dutsen da ke ƙarƙashi.

Akwai kuma wani abin da ya fi wannan rikitarwa. Yuraniyam kansa ba shi ne ke ba da hasken da ake aunawa ba, wani jikansa ne can nesa a cikin zuriya, mai suna bismat. Ana auna jikan ne a yi ƙiyasin kakan. Alhali kuwa ruwa yana narkar da yuraniyam ya tafi da shi, ya bar sauran zuriyar a baya. Saboda haka ana iya samun wuri yana ta ba da alama, a tona a tarar mai gidan ya daɗe da ƙaura. Ana kuma iya samun sabon mazauninsa shiru, don zuriyar ba ta riga ta taru a can ba. Bugu da ƙari a tsakiyar zuriyar akwai wata iska mai suna radon, wadda takan tsere daga ƙasa ta bi sarari, ta taru a kwari da sanyin safiya, ta ruɗi na'ura. Dole sai an cire lissafinta, da na hasken da ke saukowa daga sararin samaniya, da na jikin jirgin kansa.

Toriyam ba haka halinsa yake ba. Ruwa ba ya narkar da shi, yana nan inda aka haife shi, ko kuwa cikin baƙin yashi mai nauyi da rafi ke tarawa. Wannan bambancin hali shi ne abin da masana ke amfani da shi. A yawancin duwatsu toriyam yakan ninka yuraniyam sau uku ko huɗu, gama a ɓawon duniya yuraniyam bai fi kashi 3 cikin miliyan ba, toriyam kuwa wajen kashi 10. In aka ga duka biyun sun hau tare, galibi dutse ne kawai irin na Dutsen Kwatarkwashi ko na Filato, wanda bisa ga halittarsa ya fi sauran ƙasa ɗumi. In kuwa yuraniyam ya hau shi kaɗai ya bar toriyam a ƙasa, to, wurin ya cancanci a je a duba. Jajayen tabon da ake yawo da su a ƙauyuka, mafi yawansu na farkon ne.

Ba a ce jirgin ba shi da amfani ba. A Ostareliya ta sama aka fara jin alamar ma'adinin Ranger a 1969, a Namibiya kuma binciken sama na gwamnati ne ya kai ga gano na Langer Heinrich a 1973. Amma a duka biyun ma'adinin ya leƙo sarari ne ko ya yi kusa, kuma sai da aka yi shekaru ana tono kafin a san yawansa.

Maƙwabta ma suna da darasi. A Nijar, Faransawa masu neman jan ƙarfe ne suka ci karo da yuraniyam a Azelik a 1957. Daga nan aka yi ta bin sawu a yammacin duwatsun Azbin, ana huda ƙasa, har aka kafa kamfanin Somair a 1968, ya fara fitar da kaya a Arlit a 1971. Na Cominak kuwa, wanda ya fara a 1978, sai da aka nutsa wajen mita 250 a ƙarƙashin ƙasa. Ruwan zamanin da ne ya wanko yuraniyam daga duwatsun, ya sauke shi cikin dutsen yashi inda ya tarar da ruɓaɓɓun itatuwa, sa'an nan ƙasa ta binne shi. Babu jirgin da zai ji abin da ke zurfin nan. An rufe Cominak a watan Maris na 2021 bayan ya ba da wajen tan 75,000, ma'aikata da yawa, har da Hausawan kudancin ƙasar, suka rasa aiki, tulin ragowar ƙasa mai guba kuma ya zama abin da za a daɗe ana fama da shi.

A Nijeriya kuwa, an kafa Hukumar Makamashin Nukiliya a 1976, sa'an nan a 1979 aka kafa kamfanin neman yuraniyam na ƙasa tare da Faransawa. An bi alamun sama, an tura mutane da na'urar hannu, an yi tono a tsohuwar Jihar Gongola, aka kuwa same shi a Mika da Gumci. Sai dai abin da aka ƙiyasta a kowane wurin bai shige tan 100 ba, alhali Nijar ta sha fitar da fiye da tan 4,000 a shekara guda. Ba a buɗe mahaƙa ko ɗaya ba. A Ririwai ta Jihar Kano ma an daɗe da sanin akwai yuraniyam a cikin dutse, amma a ɗaure yake cikin wani ma'adini mai wuyar narkarwa. To, in gwamnati da ƙwararrunta da kuɗinta sun yi shekaru abin ya tsaya a nan, mai shago a Agege ya yi tunani kafin ya zuba jarinsa saboda tabo guda a takarda.

Matakan da ke tsakanin tabon da arziki suna da yawa. Sai an taka ƙasa da na'urar hannu an tabbatar da wurin, a haƙa ramuka a ɗebi samfuri a kai ɗakin gwaji, sa'an nan a kawo injin huda ƙasa irin na burtsatse, a yi rami bayan rami, a zaro dutse a auna. Wannan matakin na ƙarshe shi ke cin kuɗi, kuma shi kaɗai ke iya faɗin yawan abin da ke ciki. Cikin alamu masu ɗimbin yawa, 'yan ƙalilan ne ke kaiwa ga huda, waɗanda ke zama mahaƙa kuwa sun fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba.

Doka ita ma tana da tata maganar, kuma rashin saninta ya cuci mutane. Bisa ga tsarin mulki na 1999 da dokar ma'adinai ta 2007, duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, ba na mai gona ba, ba na hakimi ba. Ofishin rajistar filayen ma'adinai da ke Abuja shi ke ba da lasisi. Lasisin bincike bai wuce murabba'in kilomita 200 ba, na shekara 3 ne, ana iya sabunta shi sau biyu, shekara bibbiyu. Izinin nema ne kawai, ba na haƙa a sayar ba, kuma ba shaida ba ne cewa akwai wani abu a wurin. Kowane lasisi yana da lamba da sunan mai shi da iyakokinsa a rajista, don haka wanda aka ce ya shigo haɗin gwiwa yana iya neman lambar ya sa a duba masa. Har ila yau ana bukatar yardar mai ƙasa kafin a ba da lasisi a kanta, ana biyan diyyar amfanin gona da aka ɓata, kuma kafin kamfani ya fara haƙa sai ya ƙulla yarjejeniya da jama'ar wurin a kan abin da zai yi musu. Wanda ya yi gaggawar sayar da gonar gado ya sarayar da wannan matsayi duka ga mai saye. Ga yuraniyam da toriyam kuma akwai ƙarin sharaɗi, domin riƙe su da safararsu suna ƙarƙashin hukumar kula da harkokin nukiliya. Ba kaya ba ne da za a ɗura a buhu a hau da shi mota zuwa Ikko.

Akwai wani amfanin taswirar nan da ba a cika ambata ba, watau kare lafiya. A Filato an fara haƙar kuza irin ta Turawa tun farkon ƙarni na 20, a shekarun 1950 kuma Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambait. Yashin da aka zubar bayan wankin kuza yana ɗauke da ma'adinai masu toriyam, musamman monazait, kuma tulinsa yana nan a kewayen Jos da Bukuru da Barikin Ladi. Irin wuraren nan jirgin ba ya kuskure su, tun da abin a sarari yake. An sha ɗibar yashin nan ana gini da shi, ana kuma tace shi a cikin unguwa, yanzu ma da kasuwar monazait ta buɗe saboda ƙarafan da ake yin maganaɗisu da su. Ƙurarsa ba ta da wari, ba ta sa tari nan take, illarta sai a hankali. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, sa'ad da yara fiye da 400 suka rasu saboda dalmar da ke cikin dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gida, guba ce dabam, amma ƙofar da ta shigo ita ce dai wannan. Wanda ke aika kuɗi daga Kudu ana yi masa gini a Filato, ya tambayi magini daga inda ake kawo yashin, in kuwa na bakin tsohuwar mahaƙar kuza ne, a nemo wani.