Kafin Mu Sayi Tsohon Injin Sassaƙar Ƙarfe



Da yawa daga cikinmu muna da burin kafa ɗan wurin sana'a a zauren gida bayan kammala karatu, domin kada mu dogara da albashi kaɗai. Ginshiƙin irin wannan wuri kuwa shi ne injin sassaƙar ƙarfe, wato wanda ke juya ƙarfe wuƙa tana fere shi har ya zama noti ko sandar famfo, kamar yadda muke gani wurin masu sana'a a Panteka ta Kaduna. Sabonsa ya fi ƙarfin aljihun ƙaramin ma'aikaci, saboda haka tilas mu nemi na hannu.

Mu ɗauki misali da Myford ML7, wanda aka ƙera a Beeston ta ƙasar Ingila daga 1946 zuwa 1979. Autan cikinsu ya haura shekara 40, amma har yau wasu suna aiki sumul. Gaskiya ne da tsohuwar zuma ake magani, sai dai suna da sabon fenti ba su isa shaida ba. Lafiyar inji tana ga gadonsa, wato dogayen ƙarafan da keken wuƙa ke zamewa a kai.

Galibin aiki kusa da kan inji ake yin sa, don haka nan ne gado ke fara cinyewa. Mu kawo keken wuƙa kusa da kai, mu ɗan ɗaure shi yadda zai iya motsi, sa'an nan mu tura shi zuwa ƙarshen gado. Idan ya cije a hanya, to, gado ya zaizaye. Ana canza bel da boris cikin sauƙi, amma gyaran gado yana iya cin kuɗin da ya fi na sayen injin.

Bayan wannan, mu kama sandar da ke juya ƙarfe mu jijjiga ta. In tana girgiɗi, akwai gyara a gaba. Mu buɗe murfi mu duba haƙoran giya ɗaya bayan ɗaya. Kana mu roƙi mai inji ya bari mu fere sandar ƙarfe mai tsawon milimita 150, mu auna kaurin bakinta biyu. In sun bambanta ƙwarai, injin ba ya yanka daidai. Wanda ya hana mu gwaji, cinikin biri a sama yake so mu yi.

Akwai kuma batun awo. Tsofaffin injinan Ingila a kan inci aka gina su, alhali yawancin notocin motocin yau na milimita ne. Da yake inci ɗaya milimita 25.4 ne, ana bukatar giya mai haƙori 127 kafin a yanka zaren noti na milimita daidai. Lalle mu tambaya ko akwai ta. Haka nan mu bincika irin wutar da yake sha, domin manya irin su Colchester galibi wuta mai layi uku suke bukata, gidajenmu kuwa yawanci layi ɗaya gare su.

Daga ƙarshe, kada mu tafi ciniki sai da gwanin da ya daɗe a kan wannan sana'a. Ladan da za mu ba shi bai kai asarar ajiyar shekara biyu ba.