A Ɗauki Muryar Dattawan Gobir Tun Suna Raye

Jawabin da aka gabatar a gaban dattawa, malamai da matasa a garin Bafarawa, Ƙaramar Hukumar Isa.



Zan fara da mutumin da ba ya bukatar gabatarwa a ƙasar nan, wato Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Yau fiye da shekara 60 ke nan da rasuwarsa, amma yaron da aka haifa jiya a Kano ko a Maraɗi yana iya sauraron Bakandamiya daga bakin mai ita. Me ya sa? Saboda an sami waɗanda suka ajiye na'urar ɗaukar magana a gabansa. Daga nan muryar ta koma kaset, daga kaset ta shiga kwamfuta, yau ga ta cikin wayoyinku. Da ita ce masana suka sami abin nazari, har Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya rubuta littafi sukutum a kansa. To, makaɗan Bawa Jangwarzo fa? Su ma sun yi kiɗa, sun yi waƙa, amma sai ɗan abin da ya maƙale a bakin mutane ya iso gare mu.

Na'urar da aka ɗauki Narambaɗa da ita, sai hukuma ke da irinta a wancan zamani. Yau kuwa rabin samarin da ke zaune a nan suna da wadda ta fi ta a aljihu. Abin takaici, ba a ɗaukar komai da ita sai biki da wasan banza.

Jama'a, tarihin Gobir ba a wuri ɗaya yake ba. Alkalawa, birnin da Sarki Babari ya mayar hedikwata, ta faɗi a 1808, kufanta na nan a ƙasar Sabon Birni. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 wasu Gobirawa suka kafa Tsibiri, wadda yau take cikin Jamhuriyar Nijar. Saboda haka rabin labarin yana wannan gefen iyaka, rabi yana can. Mafi yawansa kuma ba a littafi yake ba. Yana cikin kan tsoho mai jero sunayen sarakuna ba tare da ya yi tuntuɓe ba, da tsohuwa wadda ta san aikin Inna a fadar Gobir, da maƙeri, da sarkin ruwa, da mai kirarin farauta. Wani kuma yana cikin gafaka: wasiƙun sarakuna, takardun gado da na gona, da waƙoƙin wa'azi da ajami.

A da, gara da ɗigar ɗaki da gobara ne abokan gabar waɗannan takardu. Yanzu an sami ƙari, kuma kun fi ni sani. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa a Isa da Sabon Birni, dubban mutane sun tsallaka Jihar Maraɗi. Wanda ya fita da tsakar dare da goyo a baya ba ya tuna gafaka. Dattijon da ya koma zaman gudun hijira kuwa, ya rabu da dandalin da yake ba jikoki labari.

Ba mu ne farkon shiga irin wannan hali ba. A Janairun 2013, 'yan tawayen da suka mamaye Tumbuktu ta ƙasar Mali sun ƙona ko sun salwantar da littattafan hannu kimanin 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba. Sauran, dubban ɗaruruwa, mutanen gari ne suka fitar da su a ɓoye cikin akwatunan ƙarfe zuwa Bamako, inda aka yi shekaru ana ɗaukar hotonsu shafi-shafi. A 2022 kamfanin Google ya sa shafi fiye da 40,000 a intanet domin kowa ya gani. Ku lura, mutanen gari ne suka fara, kamfani daga baya ya zo.

To, yaya ake yi? Idan za ka ɗauki maganar dattijo, fara neman izininsa, ka gaya masa inda maganar za ta je. Ku zauna nesa da injin niƙa da kukan awaki. Kafin ya buɗe baki, kai ka faɗi sunansa, da garinsu, da sana'arsa, da ranar da ake ciki. Murya marar suna, bayan shekara 20, ba ta da bambanci da jita-jita. Sannan ka bar shi ya yi magana da harshensa. Kada ka gyara masa Gobiranci ya koma Hausar Kano, domin harshen ma gado ne. In labarinsa ya saɓa da na dattijon wata unguwa, a ɗauki duka biyun. Tantancewa aikin masana ne.

Takarda kuwa, a shimfiɗa ta a kan farin ƙyalle, a inuwa mai haske, a ɗauki kowane shafi gaba da baya bisa jerinsa. Kada a liƙe yagaggen wuri da gam. Kada kuma a raba mai ita da ita. Ko Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda tun 2004 yake da shirin ceton tsofaffin takardu a duniya, ƙa'idarsa ke nan: hoto yake ɗauka, asali ya zauna a ƙasar masu shi.

Sai batun ajiya, inda aka fi yin asara. Waya tana faɗawa rijiya, ana sace ta, katin ajiyarta yana mutuwa ba sallama. Intanet ma ba abin jingina ba ce ita kaɗai. Kun tuna yadda aka katse layukan waya a yankin nan a 2021. Shi kansa Ɗakin Karatun Birtaniya, ɓarayin kwamfuta sun durƙusar da shafinsa a Oktoban 2023, ya yi watanni bai miƙe ba. Saboda haka a yi kwafi uku: ɗaya a gida, ɗaya wurin ɗan'uwa a wani gari, ɗaya a kai Sakkwato, ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Mai aikawa ta WhatsApp ya sani tana rage kyan hoto, har ƙananan rubutun ajami su dushe, sai in an tura shi a matsayin takarda.

Gargaɗi ɗaya, kuma da babbar murya. Kada a sa hoton takobi ko tambari ko alkyabbar gado a Facebook tare da sunan gida da unguwa. A halin da muke ciki, wannan talla ce ga ɓarayi. Abin da dattijo ya ce sirrin gida ne, ya tsaya a kwafin gida.

Malamanmu masu karanta ajami da boko, aikin da ya rage naku ne: ku zauna da matasan nan a saurari abin da aka ɗauka, a rubuta shi a littafi, a sa wa kowace murya lamba. Ina roƙon uban ƙasa ya sa masu unguwanni su kawo sunayen dattawan da suka haura shekara 80, maza da mata, har da waɗanda ke gudun hijira, domin da su za a fara.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.