Rigakafi da Jinya a Gida: Aikin Ƙaramar Hukuma da Namu

Jawabin da wani tsohon ɗalibi, ma'aikacin lafiya, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya a garin Wudil

 

An umarce ni in yi magana a kan kiwon lafiya, ni kuwa zan tsaya ne a kan rigakafi da kuma jinyar mara lafiya bayan an sallame shi. Dalili kuwa shi ne, da zarar an ambaci lafiya a Wudil, sai hankalin kowa ya tafi ga Babban Asibiti. To amma wanda aka kwantar kwana biyar, sauran kwana 360 na shekara a gida zai yi su, kuma a can ne zai warke ko ciwo ya dawo masa.

Dattawan cikinmu sun san zamanin En'e, lokacin duba-gari da asibitin sha-ka-tafi da masu yin lambar agana. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata, suka amince a kai kiwon lafiya kusa da talaka. A nan Nijeriya, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, manufar lafiya ta 1988 ta kasa aikin gida uku: asibitocin koyarwa ga tarayya, manyan asibitoci ga jiha, matakin farko ga ƙaramar hukuma. Yanzu akwai hukumar jiha mai tsara wannan aiki, amma gudanar da shi a mazaɓu ake yi, a ƙananan asibitocin wurare irin su Utai da Darki da Indabo da Lajawa da Achika.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma mun gani da idonmu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Jihar Kano saboda zargi, cutar ta bazu har ƙasashen waje. Da aka koma aiki a 2004, hakimai da dagatai da masu unguwanni da malamai suka sa baki, mata ma'aikata suka dinga bi gida-gida. Yaro na ƙarshe da ƙwayar cutar ta asali ta kama a jiharmu a 2014 ne, a Sumaila, nan kusa da mu, kuma a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. Ta wannan hanya ce ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata da damina. Mu da muke bakin kogi kuma muna da tsargiya. Fitsarin jini ga yaro ba alamar balaga ba ce, cuta ce ta wanka a ruwa, kuma tana da magani.

Inda muka fi rauni shi ne jinya. Ku dubi mai jego. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka yi zargin cewa yawan wanka da tafasasshen ruwa da shan kunun kanwa suna taimakawa wajen jawo ciwon zuciya bayan haihuwa. Idan ƙafarta ta kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kai ta asibiti a ranar. Mai tarin fuka kyauta ake ba shi magani, amma sai ya sha wata shida cur. Wanda ya ji sauƙi ya bari a wata na biyu, tarin zai dawo da taurin kai, ya kuma shafa wa iyalinsa. Dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye yana bukatar a riƙa juya shi duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya, a motsa masa gaɓoɓi, kuma kada a yanke masa maganin hawan jini. Duk wannan aiki mata ne da yara suke yin sa a cikin gida, galibi ba wanda ya koya musu. Ziyarar gida tana cikin aikin ma'aikacin lafiya na karkara, sai dai mutum ɗaya ko biyu a asibiti, babu abin hawa, ina za su iya?

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya abu uku. Na farko, kowace mazaɓa a samu ɗan ƙungiya a cikin kwamitin ci gaban mazaɓa. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya na tushe, wajibi ne mai ilimi ya zauna inda ake lissafin abin da ya iso garinsa. Na biyu, mu ware wani abu daga asusunmu domin sayen abin awon jini da man babur na ziyarar marasa lafiya. Na uku, mu ɗauki nauyin 'yan mata su karanci aikin lafiya da ungozoma, domin mace ce take shiga har ƙuryar ɗaki ta ga mai jego.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri.