MASALLACIN GAMBARU: ABIN DA JAN BULO YA GAYA MANA

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

An ce in yi magana a kan tarihi. To, ba zan je da nisa ba. Zan kai ku wani kango ne a bakin kogin Yobe, kusa da Birnin Gazargamu, can yankin Gaidam. Sunan wurin Gambaru.

Jama'a, kun san Yerwa da muke zaune cikinta a 1907 aka kafa ta. Kafin ita akwai Kukawa ta Shehu Laminu, 1814. Kafin Kukawa kuwa akwai Gazargamu, wadda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15. Gambaru ita ce wurin hutawar sarakunan birnin. Tarihin baka ya ce Magira Aisa, mahaifiyar Mai Idris Alauma, ita ta sa aka gina ta a ƙarni na 16. Limamin Mai Idris, wato Ahmad ɗan Fartuwa, ya rubuta cewa da can masallatan Barno na ciyawa ne, wannan sarki shi ya rushe su ya mayar da su na gini.

Yaya ginin yake? Mu a ƙasar Hausa da tubali muka saba, a murza shi da hannu, rana ta busar, a ɗora azara. Na Gambaru jan bulo ne, ƙonanne da wuta, an jera shi sahu-sahu an ɗaure da laka. Ku dubi aikin: a haƙo yumɓu, a yanka, a tara itace, a gasa dubbai. Wani Bature, Manjo Denham, ya isa wurin a 1823. Ya tarar da bangon masallaci a tsaye, kowace kusurwa ta haura yadi 20, ga gidan sarki da ƙofofinsa suna duban kogi, ga kuma alamar wani ɗan ƙaramin masallaci manne da gidan, inda sarki ke keɓewa da Ubangijinsa.

Amma fa kango ya tarar. A 1808 rundunar Gwani Muktar ta ci Gazargamu, mutane suka watse. Shekara 15 kacal, daji ya haɗiye wurin. Bulon bai gaza ba, masu sallar ne suka tafi.

Ga inda na dosa. Na ji ana ta ka-ce-na-ce a kan tsohon masallacinmu na unguwa, wasu na cewa a rushe a zuba siminti da kwano. Ban hana gyara ba, wallahi. Amma kakanninmu, fatake da almajiran da suka zo Gabas neman karatu, su suka kwaɓa ƙasar nan da ƙafafunsu. Shi ne shaidar ranar da muka sauka garin nan, masu gida suka karɓe mu hannu biyu. Kafin a sa diga, a zauna da dattawan da suka rage, a rubuta wanda ya gina da limaman da suka yi, a ɗauki hoto. In da hali, a bar alkiblar yadda take, a faɗaɗa ta baya.

Sannan mu cika sahu, asuba da isha'i. Gambaru ta ishe mu wa'azi: abin da ke riƙe masallaci ba bango ba ne.

Allah Ya zaunar da Barno lafiya. Wassalamu alaikum.