CIWON GWIWA DA ƘUGU: AMFANIN DA ZA MU CI DA WAYAR HANNU

(Jawabin da wani ɗan'uwa ɗan kasuwa ya gabatar a taron wata-wata na ƙungiya a Kwararafa, Jos)



Maganarmu ta yau a kan ciwon gwiwa da ƙugu ce, wanda muke kira sanyin ƙashi. Duk wanda ke sallah a Masallacin Juma'a ya ga yadda kujeru ke ƙaruwa a sahu. Wani ya yi sujada, tashi sai da dafa ƙasa. Wani ya daina zuwa sari Kano ko Legas saboda zaman mota. In gwiwa ta ƙi, to kasuwa ma ta ƙi, kuma abincin gida ne ya taɓu.

Likitoci sun bayyana cewa akwai guringuntsi mai santsi a kan ƙasusuwan gaɓa. Tsufa, da ƙiba, da tsohon rauni, da ɗaukar kaya masu nauyi, su ke sa ya lalace, sai gaɓa ta riƙa ciwo tana sanƙarewa. Mu nan Jos mun fi jin jiki lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum wajen miliyan 528 ne ke da wannan ciwo, kashi 60 cikin 100 mata ne, kuma gwiwa ya fi kamawa.

To me muke yi? Mu aika yaro kemis ya sayo diclofenac ko ibuprofen, ko mu karɓi haɗin da masu talla ke ƙullawa a leda. Jama'a, yawan shan waɗannan yana kawo gyambon ciki, yana kuma taɓa ƙoda. Babu ƙwayar da ke mayar da guringuntsin da ya tafi. Abin da aka tabbatar yana rage ciwon shi ne motsa jiki a kai a kai don ƙarfafa naman cinya, da rage ƙiba. Kilo ɗaya in ya sauka, gwiwa na samun sauƙin nauyin wajen kilo huɗu a kowane taku.

Matsalar ita ce ɗorewa. Za a koya wa mutum motsa ƙafa a asibiti, ya yi kwana uku, hidimar shago ta ɗauke shi. A nan ne waya ke shigowa. Akwai manhajojin da ke nuna bidiyon motsin, su tuna maka in lokaci ya yi, su ƙirga takunka, ka kuma riƙa rubuta yadda ciwon yake kowace rana don nuna wa likita. A shekarar 2021 masana a Jami'ar Melbourne ta ƙasar Ostireliya sun fitar da sakamakon gwaji a kan mutum 206 masu ciwon gwiwa. Waɗanda aka ba tsarin motsa jiki ta intanet, ana kuma aika musu saƙon tuni a waya har mako 24, sun fi sauran samun sauƙin ciwo da iya zirga-zirga. Ku lura, ba wayar ce ta warkar ba. Tuni ta yi, su kuma suka motsa.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yawancin manhajojin da Turanci suke, wasu na kuɗi ne, ga tsadar data, ga rashin wuta. Kuma waya ba ta duba gwiwa. Don haka a fara zuwa asibiti, ko na koyarwa da ke Lamingo, ko Plateau Specialist, a ga likitan gashin ƙashi ya zaɓa wa mutum motsin da ya dace da shi. In gwiwa ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi, ko an faɗi an kasa taka ƙafa, wannan ba na waya ba ne, a garzaya asibiti. Mu kuma guji masu tallar magani a WhatsApp da ke cewa kwana bakwai an warke.

Shawararmu ga ƙungiya uku ce. Na ɗaya, a gayyato likitan gashin ƙashi ya koya mana motsin, a ɗauka a bidiyo da Hausa, a tura wa kowa. Na biyu, matasanmu su saita wa iyayensu ƙararrawar tuni a waya, a haɗa ta da bayan Asuba da bayan La'asar, tun da waɗannan lokuta ba sa wuce mu. Ko ƙaramar Itel za ta yi wannan. Na uku, kada a manta da iyayenmu mata da ke cikin gida, domin su ciwon ya fi kamawa, su ne kuma ba sa faɗa.

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da Filato lafiya.